Haruffa 15 Kacal: Yadda Ake Tsawaita Sunan Aiki a Cikin Linux Ba Tare da An Yi Ɓarna Ba

  Yau a filinmu na kimiyya da fasaha, magana ce a kan suna. Sunan da kwamfuta ke kiran ayyukan da ke gudana a cikinta. Sunan gajere ne, haruffa 15 kacal, kuma shekara da shekaru injiniyoyi na neman hanyar tsawaita shi ba tare da sun karya wani abu ba. Ku gyara zama.

Kashi na farko: ina wannan suna yake?

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, wani mai gyara na riƙe da wata waya da allonta ke ɗaukewa yana dawowa. Ya jona ta da kwamfutarsa, ya zaro rahoton da wayar ke rubutawa duk sanda wata manhaja ta faɗi. A layi ɗaya ya ga suna biyu. Na farko: ndroid.systemui. Na biyu: com.android.systemui. Abu ɗaya ake nufi, wato manhajar da ke zana agogo da alamar batir da sanarwa a saman allo. Amma na farkon an gutsure masa kai. Haruffa biyar sun ɓace. Ku ƙirga abin da ya rage, 15 ne daidai.

Wayar ba ta lalace a wannan wurin ba. Haka aka gina ta. Duk wayar Android, ko Tecno ce, ko Infinix, ko Samsung, a kan Linux take zaune. Linux kuwa shi ne kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Linus Torvalds ya fara rubuta shi a 1991, yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. Kanel ne ke raba lokaci, shi ke raba ma'adana, shi ke cewa wannan aiki ya gudana yanzu, wancan ya jira.

Kowane aiki da ke gudana, kanel na buɗe masa takardar bayani a ma'adana. A ciki akwai lambarsa, da mai shi, da fayilolin da ya buɗe. Akwai kuma wani ɗan gurbi da ake kira comm. A nan sunan yake. Girman gurbin bayit 16 ne. Bayit shi ne ma'aunin da harafi ɗaya na Turanci ke ci a ma'adana.

To, in gurbin 16 ne, me ya sa sunan ya tsaya a 15? Ku tuna fom ɗin banki, irin wanda aka zana wa akwatuna, harafi ɗaya a kowane akwati. A harshen C, wanda aka rubuta Linux da shi, dole a bar akwati ɗaya a ƙarshe a sa sifili. Sifilin nan shi ke gaya wa mai karatu cewa suna ya ƙare, a tsaya. Akwati 16, ɗaya na sifili, saura 15. Ku riƙe wannan sifili da kyau, masu sauraro. Za mu sake haɗuwa da shi, domin rabin haɗarin a kansa yake.

Linux yana yanke wutsiyar suna. Android kuwa, da yake sunayen manhajojinsa kusan duk da com suke farawa, sai ya zaɓi ya ajiye haruffa 15 na ƙarshe. Shi ya sa mai gyaran nan ya ga kai a gutsure. A kwamfutar ofis mai Linux, akasin haka ake gani. Aikin da ke tattara rahotannin na'ura, systemd-journald, harafi ɗaya tak ya wuce iyaka, sai ya bayyana a matsayin systemd-journal. Shafukan da Firefox ke buɗewa suna fitowa da sunan Isolated Web Co, an datse sauran.

Kashi na biyu: wa abin ya dama?

Wani zai ce, ai ƙaramin abu ne. Kuma akwai wani wuri da ake samun cikakken umarnin da ya tayar da aiki. Gaskiya ne, akwai. Amma manhajar zamani ba aiki ɗaya take yi ba. Tana rarrabuwa gida-gida, ƙananan ayyuka da yawa a lokaci guda, waɗanda masana ke kira zare. Wani zare na kula da sauti, wani na zana hoto, wani na jiran saƙo daga intanet. Dukansu umarni ɗaya ya tayar da su. Abin da ke bambanta su a idon ɗan Adam shi ne wannan gajeren suna.

Kuma kanel da kansa wannan suna yake kira a lokacin tashin hankali. Idan ma'adana ta cika maƙil, ya rasa yadda zai yi, sai ya kashe aiki ɗaya don sauran su rayu, ya rubuta lambarsa da gajeren sunansa a rahoto. Injiniyan da aka tasa da tsakar dare don sabar kamfani ta tsaya, wannan layi zai fara dubawa.

Ga misali na gaske. A 2021, wani injiniya mai suna Yafang Shao yana rubuta wani sabon zare na cikin kanel, ɗaya ga kowace ƙwaƙwalwar sarrafawa da ke cikin na'ura. Ya sa masa suna cfs_migration, sai alamar sanda (/), sai lambar ƙwaƙwalwar. Kafin a zo kan lambar, haruffa 14 sun riga sun tafi. Saura gurbi ɗaya. Zaren ƙwaƙwalwa ta 10 ya fito da lamba 1. Na ta 11, lamba 1. Har zuwa na ta 19, duk lamba 1, kuma ga ainihin na ta 1 a gefe da suna iri ɗaya. Manyan sabobi a yau suna da ƙwaƙwalwa fiye da ɗari. Yaya mai bincike zai gane wanne ne ya maƙale?

Sai Yafang Shao ya kawo shawara: a mayar da 16 ta koma 24. A cikin rubutun kanel, lambar tana wuri ɗaya, a ƙarƙashin sunan TASK_COMM_LEN. Gyaran da ba zai ɗauki minti ɗaya ba. Amma ba a karɓi shawarar a haka ba, kuma dalilin shi ne gundarin shirinmu na yau.

Kashi na uku: me ya hana a canja lambar kawai?

Abin da ya hana shi ne, lambar 16 ta daɗe da fita daga gida. Ta zama alkawari tsakanin kanel da dubban manhajojin da wasu mutane suka rubuta.

Ku saurari wannan da kyau. Tun 2005, manhaja na iya tambayar kanel, mene ne sunana? Tana tambaya ne ta wata ƙofa da ake kira prctl. Ƙa'idar a rubuce take: ki tanadi wuri mai bayit 16, kanel zai zuba sunan a ciki. Manhajar ba ta faɗa wa kanel girman wurin da ta tanada. Babu ma inda za ta faɗa. Yarda ce kawai. Ita ta tanadi 16, shi ya zuba 16.

Yanzu a ce an wayi gari kanel ya fara zuba 24, ko 64. Manhajar da aka rubuta shekara goma da suka wuce ba ta san an yi canji ba. Akwatunanta 16 ne har yanzu. Ina ragowar haruffan za su? Za su zarce cikin layin da ke biye a fom ɗin, su hau kan duk abin da ke rubuce a can. Wataƙila wata lamba ce da manhajar ke lissafi da ita. Wataƙila adireshin da za ta koma ne bayan ta gama wannan aikin. Wannan shi ake kira ambaliyar ma'adana. In an yi sa'a, manhajar ta faɗi nan take, kowa ya gani. In ba a yi sa'a ba, ta ci gaba da aiki da gurɓataccen bayani.

Wannan nau'in rauni tsoho ne. A watan Nuwamba na 1988, tsutsar kwamfuta da Robert Tappan Morris ya saki ta gurgunta dubban na'urori a intanet ɗin wancan zamani, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da ta bi ita ce ambaliya irin wannan a wata manhaja mai suna fingerd.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi a nan shi ne, sunan aiki a hannun mai aikin yake. Kowane mutum da ke da izinin shiga na'ura zai iya sa wa aikinsa sunan da ya ga dama. A watan Mayu na 2017, masu bincike na kamfanin Qualys sun nuna haka a kan sudo, manhajar da ke ba mutum ikon shugaban na'ura na ɗan lokaci. Sudo na karanta wani layin bayani daga kanel, tana ƙirga filayensa ta hanyar tazarar da ke tsakaninsu. Sunan aiki na cikin layin. Sai suka sa tazara a cikin sunan. Ƙirgar ta goce, sudo ta ɗauki lambar da maharin ya dasa a matsayin ta gaske. A wasu na'urori, hakan ya isa mutum ya rubuta a kan kowane fayil. Da haruffa 15 aka yi wannan. Duk wanda zai ba da 63 dole ya fara tambayar kansa wa zai karanta su, kuma ta yaya.

Ba ƙofar prctl kaɗai ba ce. Idan manhaja ta faɗi, Linux na iya adana hoton ma'adanarta a fayil don a yi bincike daga baya, kuma a tsarin wannan fayil gurbin suna 16 ne, manhajojin bincike irin su gdb sun san da haka. Akwai ƙananan manhajojin sa ido da ake kira BPF, waɗanda da yawansu sun rubuta 16 ɗin da hannu. Akwai kuma rajistar da ke bin sawun duk lokacin da kanel ya sauke wani aiki ya ɗora wani. Kowane layi a rajistar na ɗauke da suna biyu, na mai sauka da na mai hawa, kuma hakan na faruwa sau dubbai a daƙiƙa. In aka ninka girman suna sau huɗu, rajistar za ta cika da wuri, kuma masu karanta ta da suka haddace matsayin kowane fili za su ruɗe.

Linus Torvalds yana da doka da ya tsaya a kai tsawon shekaru, ba ya sassautawa: sabon kanel ba zai karya manhajar da ke aiki jiya ba. Ko da manhajar ce ta yi zato marar kyau, laifin na wanda ya canja kanel ne. Dokar na sa aiki ya yi nawa, wani lokaci har ta ba da haushi. Amma ita ce dalilin da ya sa banki ko asibiti ke iya sabunta kanel ba tare da sun sake rubuta komai ba, kuma a ra'ayin wannan fili, nawar ta cancanci a jure ta.

Kashi na huɗu: to yaya ake yi lafiya?

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan gajeren sunan da Linux ke ba kowane aiki, bayit 16, da yadda ake neman tsawaita shi ba tare da an jawo ambaliya ba.

Matakin da aka fara ɗauka shara ce. Kafin a taɓa lambar, sai an bi duk inda ake kwafar sunan a cikin kanel an duba yadda ake kwafarsa. Abin da shawarar Yafang Shao ta rikiɗe ta zama ke nan. An sami wurare da aka rubuta 16 da hannu. An sami wurare da ake kwafa da tsofaffin kayan aiki masu haɗari.

Bari mu tsaya a kan kayan aikin nan, don a nan sifilin ɗazu ke dawowa. Akwai tsohon umarnin kwafa mai suna strncpy. Idan sunan ya cika gurbin, ba ya sa sifili a ƙarshe. Mai karatu sai ya wuce iyaka, yana ta karantawa har ya ci karo da wani sifili a can gaba, kuma duk abin da ya tsinta a hanya ya fito da shi. Abin da ya tsinta kuwa yana iya zama sirrin kanel. Akwai wani mai suna strlcpy. Shi yana sa sifili, amma sai ya karanta asalin rubutun har ƙarshe ko da ba ya bukatarsa, wanda shi ma haɗari ne. An cire shi gaba ɗaya daga kanel a siga ta 6.8, a 2024. Wanda ake so a yi amfani da shi shi ne strscpy, da ya shigo a 2015. Yana tsayawa a iyaka, yana sa sifili, yana kuma faɗa in ya yanke wani abu. Yana da ɗan'uwa da ke cike duk akwatunan da suka rage da sifili. Wannan ma ba ado ba ne. In suna haruffa 4 ne, aka miƙa gurbi mai 16 ga manhajar waje ba a share sauran ba, tsohon bayanin da ke kwance a wurin zai bi shi ya fita.

Sai batun tsere. Zare na iya canja sunansa a daidai lokacin da wani ke karanta shi. A da, ana sa makulli: mai rubutu ya kulle, mai karatu ya jira. Amma masu karatu da yawa a cikin kanel ba sa ma taɓa makullin. Tsakanin ƙarshen 2024 da farkon 2025, aka bi ra'ayin Torvalds aka sauƙaƙa lamarin, da aikin Yafang Shao da na Kees Cook, wanda ya shahara a harkar tsaron kanel. Aka yarda cewa mai karatu na iya ganin rabin tsohon suna haɗe da rabin sabo na ɗan ƙiftawar ido. Wannan ba ya kashe kowa. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne akwatin ƙarshe ya rasa sifili, ko da na ɗan lokaci kaɗan. Saboda haka aka gyara hanyar rubutun ta yadda wannan akwati ba ya taɓa ɗaukar wani abu sai sifili.

Mataki na gaba shi ne a bar tsohon gurbi yadda yake, a buɗe sabo a gefe. An fara gwada wannan a kan zarurrukan kanel na kansa, inda haɗarin ya fi sauƙi. A 2018, a siga ta 4.18, Tejun Heo ya sa ma'aikatan cikin kanel da ake kira kworker suka fara nuna irin aikin da suke yi a jikin sunansu, kuma sunan da ake nunawa ya iya wuce 15. Sannan a siga ta 5.17, a watan Maris na 2022, maganin matsalar Yafang Shao ya shigo. Idan sunan zaren kanel ya yi tsawo, ana ajiye cikakkensa a wani wuri dabam. Wanda ya duba ta cikin jakar proc, wato tagar da kanel ke nuna bayanin ayyuka a rubuce, zai ga cikakken suna. Wanda ya bi tsohuwar ƙofa zai sami 15 ɗinsa kamar kullum.

Me ya sa tagar proc ta fi aminci? Saboda a can mai karatu ne ke faɗin yawan abin da zai iya ɗauka. Ya ce a ba shi bayit 16, 16 za a ba shi, ko da sunan ya kai 60. Ba a tura masa abin da bai nema ba.

Manhajojin waje kuwa, maganarsu ta zo daga baya. A 2025, wani injiniya na kamfanin Igalia da ke ƙasar Sifen ya gabatar da aikin kai sunan zuwa bayit 64. Dalilinsa wasannin kwamfuta ne a kan Linux, inda wasa ɗaya ke tayar da zarurruka masu ɗimbin yawa, sunayensu duk a datse, mai neman matsala ya rasa na kamawa. Tsarin da ya bi shi ne wanda muka bayyana: a fara gyara masu kwafa, a tabbatar da sifili, a bar wa tsofaffin ƙofofi 16 ɗinsu. Lambar 64 ɗin ma ba baƙuwa ba ce. A na'urorin Apple, sunan zare na da gurbi mai bayit 64. FreeBSD kuwa, wani ɗan'uwan Linux, ya tsaya a haruffa 19.

Kashi na ƙarshe, ga ɗalibai da matasa masu rubuta manhaja da ke sauraronmu.

Idan kuna sa wa zare suna ta umarnin pthread_setname_np a Linux, ku duba amsar da ya dawo da ita. In sunan ya wuce 15, wannan umarni ba ya yankewa. Ƙin karɓa yake yi, zaren ya ci gaba da tsohon sunansa, ku kuma kuna zaton an canja. Ku sa abin da ke bambanta zare da zare a farkon suna. Lamba ta fara zuwa, bayani ya biyo baya. Da an yi haka a misalin ɗazu, da ƙwaƙwalwa ta 10 da ta 19 ba su yi kama ba.

Idan kuna neman aiki da pgrep, ku sani cewa gajeren sunan yake dubawa. Ku rubuta masa systemd-journald cikakke, zai ce bai ga komai ba, alhali aikin na nan yana gudana. Sai kun ƙara masa alamar f, sannan ya duba cikakken umarni.

Akwai kuma abin da ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Iyakar ta bayit ce, ba ta harafi ba. A tsarin UTF-8 da kusan kowace na'ura ke amfani da shi, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu bayit 2 yake ci. Kalmar ƙwaƙwalwa haruffa 9 ce a ido, amma bayit 11 ce a ma'adana. Kanel ba ya duba inda harafi ya fara ko inda ya ƙare. A bayit na 15 yake sa wuƙa. In wuƙar ta faɗa a tsakiyar ɗ, rabin harafi ne zai rage, sai allo ya nuna alamar tambaya ko wani ɗan akwati, wata manhajar ma ta ƙi karɓar rahoton gaba ɗaya. Saboda haka ku ƙirga bayit da kanku, ku yanke sunan a kan iyakar harafi kafin ku miƙa wa kanel.

A nan za mu dakata. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.